Ɓarawon da Ba Ya Haura Shinge: Tsutsar Saiwa a Lambunan Gaya da Ajingi

Mu 'yan Ƙungiyar Matasa Manoma ta wannan makaranta muna godiya ga Ubangiji da ya kawo mu ƙarshen wata shekara lafiya. Muna kuma godiya ga masu shirya wannan littafi da suka ba mu fili. Abin da suka nema a wurinmu shi ne rahoton amfanin da lambun makaranta ya bayar. To, rahoton ba mai daɗin ji ba ne. Tumatirin da muka yi wa ɗakin girki alkawari bai taka kara ya karya ba, kuɓewa kuwa ba a ma maganarta. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu ba da labarin abin da ya cinye mana lambu, domin mun san da yawa daga cikin iyayenmu na Gaya da Ajingi, da na ƙauyuka irin su Kademi, Toranke, Balare da Gafasa, da kuɗin tumatir da albasa suke biyan kuɗin makarantarmu. Abin da ya ci lambun makaranta yana iya cin nasu.

Ga yadda abin ya faru. Mun yi dashe a kan kari, ruwa bai yanke ba, mun kuma sa taki. Makonnin farko ganye ya yi shar, har muna kiran baƙi su zo su gani. Da aka ɗan jima sai muka lura cewa a tsakiyar wasu kwamaye tumatirin ya tsaya cak ba ya girma, ganyen ƙasa ya soma komawa ruwan ɗorawa. Da rana ta take sai ya yi yaushi kamar bai ga ruwa ba, alhali ƙasar da danshinta. Da yamma ya farfaɗo, washegari da azahar ya sake langaɓewa. Muka ce ƙarancin taki ne, muka ƙara taki. Babu canji. Muka ce ƙwari ne, muka tara 'yan kuɗinmu muka tafi kasuwa, wani mai sayar da magani ya miƙo mana kwalba ya ce ko wace irin cuta ce wannan zai kashe ta. Muka yi feshi har sau uku. Kuɗi suka tafi, tumatir yana nan yadda yake.

Ranar ziyarar iyaye wani dattijon ikkilisiya, wanda ya tsufa cikin noman rani a bakin kogi, ya leƙo lambun. Ya tsaya ya dubi shukar, ya ce, "'Ya'yana, kun duba sama kun gaji. Ku kawo mini fartanya da bokitin ruwa." Muka ce, "To, Baba." Ya haƙa gefen tushe ɗaya a hankali, ya ɗago shi da ƙasarsa, ya tsoma cikin ruwa ya girgiza. Da ya fito da shi sai ga saiwar duk ta kumbura ta yi ƙulle-ƙulle, kamar igiyar da yaro ya ƙuƙƙulla. Ƙananan jijiyoyi masu laushi da ya kamata su yi buzu-buzu kusan babu su. Baba ya ce su a wajensu cewa suke yi ƙasa ta gaji, kuma in haka ta faru sai a tashi daga wurin. Malaminmu na aikin gona ya karɓi tushen ya jujjuya, ya ce, "Baba, gaskiyarka, dole a huta da tumatir a nan. Amma akwai mai rai a cikin ƙasar, kuma yana da suna."

Mece ce wannan tsutsa?

Masana suna kiranta nimatod, mu kuma a nan za mu kira ta tsutsar saiwa. Kada mai karatu ya ɗauka tana muke nufi, wato wadda ke fitowa bayan ruwan sama. Tana abokiyar manomi ce. Ita wannan dangin tsutsar ciki ce da ke damun yara, kuma dangin kurkunu ce, cutar nan da ta wahalar da kakanninmu har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ta ƙare a Nijeriya. Sai dai ita tsutsar saiwa ba ta kama mutum ko dabba. Wanda ya ci tumatirin da ya fito daga shukar da ta kama babu abin da zai same shi.

Ƙanƙantarta ce ta sa take ɓarna ba a sani ba. 'Yar tsutsar da ke yawo cikin ƙasa tsawonta bai wuce rabin milimita ba, ga ta siririya, ga ta garai kamar ruwa. Ɗalibi ya ɗauki rularsa ya dubi tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu, ya raba ta biyu, to iyakar tsawon ke nan. Sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinta. Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani abin da ya ba mu sha'awa shi ne, mutumin da ya fara rubuta labarin wannan cuta limamin coci ne. Sunansa Miles Joseph Berkeley, a Ingila, kuma a 1855 ya ga ƙulle-ƙullen a saiwar kokwamba. A 1887 wani masani mai suna Emil Göldi ya same ta tana lalata itatuwan kofi a Burazil, shi ne ya raɗa mata sunan da ake amfani da shi har yau, wato Meloidogyne. A 1949 Benjamin Chitwood na Amurka ya rarrabe jinsunanta. Waɗanda suka fi damun ƙasashe masu zafi irin namu su ne Meloidogyne incognita, Meloidogyne javanica da Meloidogyne arenaria. 'Yan aji shida masu shirin jarrabawa su riƙe waɗannan sunaye, sauran jama'a kuwa ba laifi in sun manta.

Rayuwarta tana farawa daga ƙwai. 'Yar tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta bi danshin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har ta isa kan saiwa, wajen da yake da laushi. A bakinta akwai wani tsinke kamar allura, da shi take huda ta shiga. In ta sami wurin da ya yi mata sai ta zauna, ba ta ƙara motsawa har ta mutu. Tana tofa wani irin yawu a cikin naman saiwar, wanda ke sa 'yan ƙwayoyin halittar da ke kewaye da kanta su yi girma fiye da kima su zama mata rumbu. Abincin da ganye ya sha wahala ya haɗa, maimakon ya tafi ga fure da 'ya'ya, sai ya gangaro cikin wannan rumbu tana zuƙa. Naman da ke kewaye kuma ya kumbura, shi ne ƙullin da muke gani. Hanyoyin da ruwa ke bi ya hau sama su murɗe su toshe. Wannan ne dalilin da ya sa shuka ke yaushi ƙafarta cikin ruwa, kuma shi ne dalilin da ya sa takin da muka yi ta zubawa ya tashi a banza. Wanda aka shaƙe wa wuya, ƙara masa tuwo ba ya amfani.

Macen tana ci tana ƙiba har ta zama kamar 'yar mitsitsiyar gora, fara fat. Ita ana iya ganinta da ido. In aka tsaga ƙulli da allura a hankali, sai a ga wani farin ɗigo kamar kan allura, to ita ce. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 500 ko fiye, cikin wani abu mai yauƙi da ke kare su daga bushewa, kuma jinsunan nan namu ba sa ma bukatar namiji kafin su hayayyafa. A ƙasa mai ɗumi, daga ƙwai zuwa sabon ƙwai mako uku ne zuwa huɗu. Malaminmu na lissafi ya sa muka yi wannan aiki a allo: a ce cikin ƙwai 500 guda 25 kaɗai suka rayu. Zagaye na farko 25, na biyu 625, na uku 15,625. Tumatir kuwa yana yin wata uku zuwa huɗu a lambu. Wato tsutsa ɗaya da ta shigo a saiwar dashe ta ishi kwami guda kafin a gama tsinka, kuma 'ya'yanta suna nan suna jiran shukar baɗi.

Ba ta tsaya nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Raunin da take yi wa saiwa shi ke buɗe ƙofa ga cututtukan yaushi na naman gwari da na bakteriya da ke zaune cikin ƙasa. Shukar da za ta iya jure ɗaya, in biyu suka haɗu mata sai ta bushe ɗungum.

Me ya sa take son wajenmu?

Dalilai uku ne suka haɗu. Yawancin ƙasarmu ta gabashin Kano jigawa ce mai rairayi, kuma cikin rairayi tsutsar ta fi sakewa ta yi yawo, ba kamar taɓo mai danƙo ba. Na biyu zafi, wanda ke gaggauta haihuwarta. Na uku shi ne wanda mu da hannunmu muka kawo. A da, lokacin da ake ban ruwa da jigo, lambu ƙarami ne, rani kuma yana da tsawo, ƙasa ta bushe ƙamas tsutsa ta mutu da yunwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga injin ban ruwa da 'yan rijiyoyin fadama sun yawaita a gaɓar kogin da ya taso daga Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, noman rani ya bunƙasa. Wannan albarka ce, babu mai musu. Amma yanzu akwai filin da ba ya hutawa: tumatir da rani, kuɓewa da bazara, wake ko yalo da damina, sa'an nan a koma tumatir. Dukansu abincinta ne. Mun shimfiɗa mata tabarma shekara zagaye.

Jerin abin da take ci yana da tsawo: tumatir, kuɓewa, yalo da gauta, tattasai da attarugu, karas, latas, alayyafo, lalo, rama, kankana, gurji, kabewa, wake, dankali, har gwanda da gwaiba. Karas in ta kama shi sai ya yi rassa da ƙuraje, mai saye a kasuwar 'Yan Kaba ba zai ko dube shi ba. Ciyayi ma irin su zaƙi-banza da gautan kaji suna ɓoye ta a gefen kwami.

Kowa ya tuna tsutsar ganyen nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ita ta yi suna domin ɓarnarta a fili take, cikin 'yan kwanaki lambu ya zama kamar an sa masa wuta. Tsutsar saiwa ba ta da wannan hayaniya. Kwandon bana ya gaza na bara, na baɗi ya gaza na bana, manomi yana ɗora laifin a kan iri, ko taki, ko sanyi, wani ma har ya zargi maƙwabcinsa da baki. Mun ji labarin zumuncin da ya lalace a kan irin wannan zargi, alhali mai laifin yana ƙarƙashin ƙafafunsu su biyun.

Yadda za a gane ta

Alamun sama mun riga mun faɗe su: tsumburewa, ganye ruwan ɗorawa, yaushi da tsakar rana, 'ya'ya ƙanana kuma kaɗan. A lura kuma ba ta kama fili gaba ɗaya lokaci guda. Tabo-tabo take yi, nan ya lalace can yana da kyau, tabon kuma yana faɗaɗa kowace shekara, sau da yawa ta inda ruwa ke gangarawa. Amma waɗannan alamu duk suna iya zama na wani abu dabam. Gani ya kori ji, sai an duba saiwa.

Kada a fizge shukar da hannu, domin ƙananan jijiyoyin za su tsinke su zauna cikin ƙasa. A haƙa da fartanya, a ɗago da ƙasar, a wanke cikin ruwa. A zaɓi shukar da ke bakin tabon, wadda ta soma ciwo amma ba ta mutu ba, domin saiwar matacciya ta riga ta ruɓe. A haƙo wata lafiyayya daga nesa a ajiye su gefe da gefe. Wasu masana biyu, John Bridge da Sam Page, sun fitar da ma'auni a 1980 mai hawa daga 0 zuwa 10: sifili saiwa ce tsaf, biyar kusan rabin saiwar ya ƙulle, goma kuwa duk ta lalace shukar ta mutu ko tana gab da mutuwa. Ko wanda bai yi boko ba zai iya irin wannan kimantawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen tsinka, sa'ad da za a tuge shukar ko ta yaya. Manomi ya bi kwami-kwami yana dubawa, inda ya ga ƙulli da yawa ya kafa kara, domin ya san inda ba zai sa tumatir baɗi ba.

A nan akwai kuskuren da mu kanmu muka yi, kuma muna so mu daɗe a kansa. Da muka ga abin da Baba ya nuna mana sai tsoro ya kama mu, wani ɗan aji biyu ya tuge waken da ke bakin shinge ya zo da gudu yana cewa wake ma ya kamu. Malam ya yi dariya ya ce mu matso. Wake da gyaɗa da waken suya suna da nasu 'yan ƙwallaye a saiwa waɗanda alheri ne, gidajen wasu bakteriya ne da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, wato takin da Allah ya ba mu kyauta. Bambancin ba shi da wuya. Ƙwallon alheri zagayayye ne, a gefen saiwa yake maƙale, in ka murza da yatsa sai ya ɓalle, in ka fasa shi kuma cikinsa ja-ja ne. Ƙullin tsutsa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa sai dai saiwar ta karye, cikinsa kuma fari ne. Wake yana iya ɗauke da su duka biyu a tushe ɗaya, saboda haka a duba da kyau. Tumatir da kuɓewa ba su da ƙwallon alheri sam, duk kumburin da aka gani a saiwarsu na cuta ne.

Wanda zai karɓi aron fili ko haya yana iya gwada ƙasar kafin ya zuba kuɗinsa. Ya ɗebo ƙasa daga wurare da dama cikin filin, zurfin kamar taƙi ɗaya, ya gauraya, ya zuba a tsofaffin gwangwanaye ko tukwane masu huji. Ya shuka kuɓewa a ciki yana ba ta ruwa. Bayan mako huɗu zuwa shida ya juye ya wanke saiwar. Kuɓewa ba ta rufa wa tsutsar nan asiri. A ɗakin gwaji kuma mun yi wani aikin da ya samo asali daga dabarar da wani likita mai suna Baermann ya fito da ita a 1917: a shimfiɗa takarda mai laushi a cikin rariya, a zuba ƙasa a kai, a ɗora rariyar cikin faranti mai ɗan ruwa yadda ruwan zai taɓa ƙasar kawai. Bayan kwana ɗaya ko biyu tsutsotsin sun ratsa takardar sun gangara cikin ruwan. Da muka sa ɗigo ɗaya a madubi muka ga suna murɗe-murɗe, ɗakin ya kaure da ihu. Malam dai ya ja mana kunne cewa ba duk wadda muka gani ce mai ɓarna ba, da yawa cikinsu ruɓaɓɓen abu da bakteriya suke ci, suna ma gyara ƙasa. Rarrabe su aikin ƙwararru ne. Wanda ke son tabbaci ya fara da malaman gona na ofishin shiyya na KNARDA da ke Gaya, ko ya nemi tsangayar aikin gona ta jami'ar Wudil, wadda tun 2022 ake kira Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote. Akwai kuma masana a Jami'ar Bayero da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya.

Abin yi

Mu faɗi gaskiya tun farko: in ta shiga fili ba a iya ƙarar da ita kakaf, kuma shukar da ta riga ta ƙulle ba ta warkewa. Abin da ake yi shi ne a rage yawanta har ta kasa ɓarna. Shukar da ke tsaye a yanzu ana iya taimaka mata da ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai, da tara mata ƙasa a gindi domin ta fitar da sabuwar saiwa, ko a samu a tsinki wani abu.

Babban yaƙin a wurin renon iri yake. Da ƙafarta tsutsar ba ta cika yin tafiyar mita guda a shekara ba. Mu ne motarta. Tana bin ƙasar da ta manne a fartanya da garma da takalmi da kofaton shanun huɗa, tana bin ruwan da ya ratsa kwami mai cuta ya shiga na gaba, amma babbar hanyarta ita ce dashe. Da muka bi diddigi mun gane cewa namu ma a dashen da muka sayo a kasuwa ta shigo, domin araha ta ruɗe mu ba mu duba saiwa ba. Duk mai sayen dashe ya wanke saiwar 'yan kaɗan ya duba, in ya ga ƙulli ko ɗaya ya bar wa mai shi kayansa. Haka kuma dashen da muke ba juna kyauta bayan sujada. Kyauta abu ne mai kyau, amma mai bayarwa ya fara dubawa, kada ya kai wa ɗan'uwansa wahalar shekaru da sunan zumunci.

Wanda zai reni nasa ya zaɓi wurin da ba a yi kayan lambu ba shekarun baya. Dabarar iyayenmu ta tara kara da yayi a kan wurin reno a sa wuta tana da amfani, domin tana kashe na sama-sama, sai dai zafin ba ya nisa ƙasa. Wadda ta fi ta ita ce gasa ƙasa da rana, kuma rana dai Allah ya hore mana ita. A watan Maris zuwa Mayu a kafce wurin, a farfasa hoge, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai garai-garai wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, a binne gefunanta kada iska ta shiga. A bar shi mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe tsutsa da ƙwanta da irin ciyawa. Baƙar leda ba ta kai fara aiki ba. Rufe gona guda da leda ya fi ƙarfin talaka, amma wurin reno ɗan taki kaɗan ne.

A babban fili kuwa makamin da ya fi kowanne shi ne sauya shuka, wato a sa mata yunwa. Bayan tumatir kada a bi da kuɓewa ko yalo ko kankana. A sa gero ko dawa ko masara, ko gyaɗa, ko riɗi. Da rani a sa albasa ko tafarnuwa ko alkama a kwamayen da aka kafa wa kara. Shekara ɗaya tana ragewa, biyu zuwa uku sun fi. Mun san abin da wasu iyaye za su ce: tumatir ne ke kawo kuɗi, fili kuma ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne. Shawararmu ita ce a raba lambun gida uku, tumatir yana zagayawa, kashi ɗaya kowace shekara. Kwando kaɗan daga lafiyayyar ƙasa ya fi a dasa ko'ina a tashi da kuɗin fetur ma bai fito ba. Inda fadama ke shan ruwa ta kwanta wata biyu ko fiye, ko ake shinkafa cikin ruwa, manomi ya yi sa'a, domin dogon kwanciyar ruwa yana rage ta ƙwarai.

Da an gama tsinka a tuge tushen duka da saiwarsa, a tara a shanya a ƙone. Barinsu a tsaye, ga danshi, daidai yake da ci gaba da kiwonta. Kada kuma a zuba su cikin ramin taki. Sa'an nan a kafce filin a tsakiyar bazara, a bar rana ta dake shi, bayan mako biyu a sake juyawa.

Takin gargajiya yana aiki biyu, yana ƙarfafa shuka, yana kuma ciyar da ƙananan halittun ƙasa da ke cin tsutsar da ƙwanta. Kashin kaji da na shanu da ya ruɓe sosai, da ganyen darbejiya ko 'ya'yanta da aka daka, a gauraya da ƙasa kamar mako biyu kafin dashe. 'Yan Zumuntar Mata sun riga sun yi mana alkawarin tara 'ya'yan darbejiyar harabar majami'a, waɗanda da sharewa ake yi a zubar. Akwai kuma furen nan mai ruwan ɗorawa da ake dasawa a gaban ofishin shugaban makaranta, wanda Turawa ke kira merigol. Saiwarsa tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsar. Amma dasa ɗaya a nan ɗaya a can don ado ne kawai. Sai an cika kwamin da shi ya yi wata biyu zuwa uku kafin a sa tumatir.

Game da iri, a duba jikin gwangwani ko takardar. In an ga haruffa kamar VFN, to N ɗin yana nufin irin yana da juriya ga wannan tsutsa. Juriyar ta samo asali ne daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru da aka haɗa da na gida a shekarun 1940. Wanda aka rubuta wa VF kawai ba shi da ita. Sai dai kada a saki jiki. Juriyar tana raunana in zafin ƙasa ya haura digiri 28, saboda haka ta fi amfani ga dashen hunturu, kuma rufe gindin shuka da ciyawa yana taimakawa wajen sanyaya ƙasa. Har ila yau akwai wani jinsi mai suna Meloidogyne enterolobii, wanda aka fara bayyanawa daga ƙasar Sin a 1983 kuma an same shi a Nijeriya, shi wannan juriyar ba ta hana shi komai.

Saura maganar guba, kuma a nan muna roƙon iyayenmu su saurare mu ko da yake mu yara ne. Feshin ganye ba ya kai wa ga abin da ke cikin saiwa, mun gwada da kuɗinmu. Magungunan da ke kashe ta a ƙasa kuwa suna cikin mafi haɗari da aka taɓa yi. Akwai wanda ake kira DBCP, da aka gano a 1977 a Amurka cewa ya hana ma'aikatan da ke haɗa shi haihuwa. Akwai metil buromaid, wanda duniya ta amince a daina saboda yana lalata rufin sararin sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2015. Akwai kuma kabofuran, mai kama da tsaba, wanda manoma suka fi sani da Furadan. Tarayyar Turai ta hana shi, Amurka ma ta hana amfani da shi a kan abinci tun 2009. Ƙwaya kaɗan tana kashe kaza ko tsuntsu, shuka tana zuƙe shi ya hau har ganye, yana kuma iya gangarawa cikin rijiyar da ake sha. Wanda ya zuba shi a gindin alayyafo ko latas da za a yanka cikin 'yan makonni, ya tuna cewa 'ya'yan wani ne za su ci, wataƙila ma nasa. In har ta kai ga sai an sa magani, malamin gona ne zai faɗi wanda aka yarda da shi, da adadinsa, da kwanakin da za a jira kafin tsinka. Ba aikin ɗalibi ba ne, kuma ba a ɗebansa da hannu tsirara.

Mu dai a lambun makaranta mun tuge tushen duka mun ƙone, mun kafa kara a kwamayen da suka fi ƙulli. Da damina za a sa gero da gyaɗa a wurin, da rani kuma albasa. Wurin reno mun mai da shi bayan ɗakin gwaji, inda ba a taɓa lambu ba, za mu rufe shi da leda kafin a tafi hutun Ista. Duk ɗalibin da iyayensa ke noman rani, in ya je gida ya nemi izinin Baba ya haƙo tushe biyu ko uku daga inda shuka ta tsumbure, ya wanke, ya sa a leda da ɗan danshi, ya rubuta sunan ƙauyen da irin shukar a takarda. Ya kawo wa Malam a makon farko na komawa, za mu duba su tare.